Goron da Madam Nkechi Ta Mayar Mini

Madam Nkechi! Maman Obinna! Ke nake kira. Na san ba za ki amsa ba. Amma tunda an ce har yanzu ba a kai ki garinku ba, kina can asibiti a ɗakin sanyi ana jiran danginki su gama shiri, ni a wurina kamar ba ki gama tafiya ba. Mu in mutum ya rasu da safe, kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta, magana ta ƙare. Ku kuwa kun ajiye naku. To tunda kina cikin Kontagora, ki saurare ni.

Hedimasta ne ya ce a gurup ɗin iyaye kowa ya rubuta kalma biyu a kanki. Na ga masu Turanci sun yi nasu, har da hoton fure. Ni Hajara ce, Maman Balki, mai goro. Karatuna bai yi nisa ba, yadda nake magana haka zan danna, wanda ya gaji ya wuce. Kuma kalma biyu ba za ta ishe ni ba, don ni da matar nan akwai magana a tsakaninmu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi ne labarin ya same ni. Ina tsakar gida na baje goro a kan buhu ina yayyafa masa ruwa, sai na ji an banko ƙofa. Balki ce, ba jaka, takalmi ƙafa ɗaya. Ta zube a gabana tana ihu, "Uwata! Wayyo uwata! Uwata ta tafi ta bar ni!" Kafin in miƙe mata sun cika gidan. Inna Talatu maƙwabciyata ta shigo da zani a hannu tana salati, ta yi turus ta dube ni, ta ce, "A'a! Hajara, ashe kina nan?" Na ce ina nan, Inna. Ta ce, "To wace uwar ce ta mutu?"

Kin ji fa, Madam. Ina tsaye da ƙafata, da kwanon ruwa a hannu, 'yar da na haifa tana birgima a ƙasa tana kukan uwarta ta mutu. Daga baya ne wani ɗan ajinsu ya ce kina koya wa yara rawa a filin makaranta, kika ce kanki na juyawa, kika zauna a kan benci, shi ke nan. Hawan jini, in ji likita. Na yi kuka, wallahi na yi. Amma in na ce kukan nan duka naki ne, na yi ƙarya. Rabi naki, rabi na abin da kunnena ya ji.

Ga waɗanda ba su sani ba, Balki da in'ina ta tashi. Ba irin wadda ake ɗan tsayawa a wuce ba. In za ta ce "Mama" sai wuyanta ya ɗaure, idonta ya kawo ruwa, ni kuma ina da aiki a gabana sai in ce, "To na ji, ruwa kike so, ga shi." Rubutu ta sha har ta gaji. An kai ta wurin kakarta a Kumbashi an jiƙa mata saiwa. Ba abin da ya canja. Yara suna kwaikwayonta a layi, sai ta daina magana gaba ɗaya. In baƙo ya gaishe ta, ƙasa take kallo.

A aji huɗu na firamare ta faɗo hannunki. Na fara ganin ana tashi makaranta yara su dawo, tawa ba ta dawo ba. Ranar da na gaji na yafa mayafi na je da faɗana a baki, na leƙa ta taga. Kina zaune a kan tebur, ita tana tsaye, kina buga teburin da tafin hannu a hankali, tana rera maganar kamar waƙa. Sunanta take faɗa. "Su-na-na Bal-ki-su." Ta sunkuyar da kai, kika sa yatsa a haɓarta kika ce, "Ɗaga kai. Ƙasa ba ta tambaye ki komai ba." Duk wanda ya yi ajinki ya san maganar nan. Na juyo ban shiga ba. A hanya ina ta tambayar kaina, ni da nake buga turmi kullum a gabanta, me ya hana in gane haka?

A shekarar ne ranar al'adu ta makaranta ta faɗo kan Ibo. Kun dai san tsarin: kowace shekara ƙabila ɗaya, an yi ta Kambari, an yi ta Fulani, an yi ta Nufawa, duk yara su shiga ko ba nasu ba ne. Ke aka ba shirin. Kuma cikin yaran makarantar nan kaf, har da 'ya'yan Ibo na asali da ke jin yaren tun a ciki, kika ce Balki ce za ta yi wa baƙi maraba. Da yarenku. A lasifika.

Ba ki aiko da saƙo ba, da ƙafarki kika zo gidanmu. Kika tsaya a ƙofa kina ƙwanƙwasawa, na ce waye wannan ba sallama. Kika durƙusa kika gaida Baban Balki da Hausarki mai gudu. Ya ce shi fa 'yarsa ba za ta fito da kafaɗa a waje ba. Kika ce, "Malam, na riga ka tunani. Riga mai dogon hannu a ciki, kai a rufe. In ka ga gashi ɗaya a waje, ka zo ka ɗauke ta a gaban kowa." Ya yi dariya ya yarda. Ni ba a tambaye ni ba, amma ba komai. Da za ki fita kika ga huhun goro a zaure, kika ce, "Ashe mai goro ce! Ranar muna bukatar goro, shi ne farkon komai a wurinmu." Na ce a raina, yauwa, ga inda zan nuna wa matar nan ni ma na san wani abu.

Wallahi na zaɓa. Yayana da ke kawo mini kaya na sa ya nemo mini ɗan labuje, fari tas, manya, irin wanda ake kai wa gidan surukai. Na wanke, na goge ɗaya bayan ɗaya, na jera a sabon kwano da ɗanyen ganye a sama. Na ɗora wa Balki na ce ki kai wa Madam ɗinki, ki ce in ji uwarki.

Da yamma sai ga ki da kwanon a hannu. Ko ɗaya ba a taɓa ba.

Kika ce, "Maman Balki, kada ki yi fushi. Wannan goron ya fi ƙarfin kyau. Amma ba zai yi ba." Na ce me ya same shi, tsutsa kika gani? Kika ce a'a. Kika ɗauki ɗaya kika nuna mini tsagar, kika ce, "Naku baki biyu yake rabewa. Namu sai mai rabewa uku, huɗu, ko fiye. In na ajiye wannan a gaban dattawanmu, za su ci, amma ba za su yi addu'a a kansa ba." Kika ciro wani ɗan ƙanƙani daga jakarki, ja-ja, a murɗe. Na duba na ce, "Hannun ruwa? Wannan mai yauƙin? Madam, wannan in ya shigo mini cikin kaya tsince shi nake yi in zubar, ko kyauta tsofaffi ba sa karɓa!" Kika yi dariya har kina riƙe ciki, kika ce, "To abin zubarwarku shi ne sarkin namu."

Ni ban yi dariya ba. Tun ina budurwa nake cikin goro, a ce wata ta zo har tsakar gidana ta mayar mini da labuje ta zaɓi hannun ruwa, a gaban Inna Talatu kuma, wadda kafin magariba ta kai labarin ƙarshen layi. Kika zauna a kujera 'yar tsugune ba wanda ya ce ki zauna, kika yi ta yi mini bayani. Wai a wurinku in baƙo ya shigo, kafin ruwa, kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi, wannan ake fito masa da shi a faranti. In ya gan shi, ya san an karɓe shi da abin da ya zo da shi. Wai mace ba ta fasawa, namiji ake miƙa wa, a zaga da shi kowa ya gani, babba ya yi addu'a, sannan a fasa. In ya fito huɗu, murna ake yi. Na ce to Allah Ya kyauta, na ɗauke kwanona na shige ɗaki. Ashe ina ji, ashe bayanin ya zauna mini a kai.

Ranar bikin na je, da sabon leshina, don kada a ce. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, Ibo 'yan kasuwa sun rufe shaguna sun zo da jajayen huluna. Yara maza da riguna masu kan zaki, har da ɗan Alhaji mai shanu na Bobi, jar hula ta faɗo masa kan ido yana ta turawa. Ana buga wani tulu da hannu yana gum gum, ana kaɗa wani ƙarfe kamar kuge. Aka fito da hannun ruwan nan a farantin katako, wani tsoho ya ɗaga shi sama ya yi ta magana, duk suna amsawa da murya ɗaya. Aka fasa, aka ce huɗu, wuri ya ɗauki shewa. Na ce ikon Allah, abin da nake zubarwa a bola.

Sai ga wata yarinya ta fito. Zani biyu, ɗaya kan ɗaya, jajayen duwatsu a wuya da hannu, an zana mata farar ƙasa a gefen ido, ɗankwali a tsaye kamar zai tashi. Na rantse sai da ta kai tsakiyar fili na gane tawa ce. Ta karɓi abin magana. Na ce yau za a yi mana dariya a gaban duk gari. Na ga kin tsaya can gefe kina buga cinyarki da tafin hannu a hankali. Yarinyar nan ta ɗaga kai, ta buɗe baki, magana ta yi ta zuba. Ba tsayawa. Ba ɗaurewar wuya. Ibo suna amsa mata, tsofaffi suna miƙewa tsaye. Ni uwarta ban ji kalma ɗaya ba. Maganar farko mai tsawo da 'yata ta yi a duniya, da yaren wata ta yi ta.

Matar da ke kusa da ni, ban san ta ba, ta taɓo ni ta ce, "'Yar Madam ce ko? Kai, har sun yi kama." Na buɗe baki in ce tawa ce, tafi ya rufe muryata.

Kuma kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Ba ki bar ni na ji haushinki yadda nake so ba. Ana cikin tafin kika kamo hannunta, kika ratsa kujeru har inda nake, kika ɗaga hannuna sama kika ce a lasifika, "Ga mai ita! Ni aro na yi!" Mutane suka juyo suna tafa mini. Ina murmushi, hawaye na zuba, a raina ina cewa, to wa ya tambaye ki? Da kin yi shiru da na samu abin riƙewa.

Daga ranar gidana ya canja. Kika sa mata suna Ada, wai babbar 'ya mace ke nan a wurinku, ke kuma Allah bai ba ki mace ba, maza ne reras. Ita kuma tana ce miki Nne. Na tambayi Obinna ma'anarsa wata rana a kasuwa, ya ce uwa. Na ce na gode. Ta shiga sakandare ta bar ajinki, na ce to yanzu zan huta, ashe makaranta ɗaya ce, ƙofa ce kawai a tsakani. In na yi miyar kuka sai a ce, "Nne tana sa kaza a agushi." In na ɗaura mata ɗankwali sai ta shiga ɗaki ta kwance ta sake irin naki. Na taɓa cewa, "To ki tattara ki koma can mana." Ta ce, "Nne ta ce in na kwana a gidanta ba da izininki ba, ita da kanta za ta koro ni." Kin gani? Ko korar ma sai da ke a ciki.

Ranar da ta fara ganin jinin girma, a makaranta ne, ke ta gaya wa. Ni da na yi ta jiran ranar nan, na tanadi abin da zan faɗa mata irin wanda uwata ta faɗa mini. Sai ga ku a keke da rana tsaka, kin ɗaura mata zaninki a kan yunifom. Kika tura ta ɗaki, kika ja ni gefe kika ce, "Ban gaya mata komai ba. Na ce wannan maganar uwa ce. Shiga." Na shiga. Na yi maganar. Amma ina yi ina kallon zaninki a ƙugunta.

Ba zan ɓoye alherinki ba, don ranar faɗarsa ce. Da na haifi autana na sha wuya, ke kika zo da kula cike da farfesu mai yaji, tun daga ƙofa kina cewa, "Wurin mahaucinku na saya, shi ya yanka, sabuwar tukunya ce, ci kada ki yi mini tambaya." Yaron da ya zo makaranta ba karin kumallo, kin san shi ta ido, sai ki aike shi ofis wai ya ɗauko alli, a can akwai burodi. In iyaye suka zo da faɗa sai ki ce, "Zauna ka sha ruwa tukuna, faɗan ba zai gudu ba." In yaro yana kuka a kan abin banza sai ki tsaya a kansa ki ce, "Wa ya mutu? Babu? To share ido." Duk Juma'a in kin taso sai kin biyo ta gidana, ki zauna a kujerar nan, ki ce, "Ina mai baki biyu?" Ni kuma in ce, "Yana nan, ina mai yauƙi?" Shekara da shekaru muna wannan. Mutane suna cewa ƙawaye ne. Ni ban san sunan abin ba. Na dai san in Juma'a ta yi ba ki zo ba sai in yi ta kallon ƙofa, in kin zo kuma Balki ta fito da gudu sai in ji da ba ki zo ba.

Yanzu ga halin da kika bar ni. Tun ranar nan Balki ba ta cin abin kirki. Kuma in'inar ta dawo, Madam. Ta dawo kamar ba ki taɓa buga tebur ba. Jiya za ta ce in miƙo mata buta, wuyanta ya ɗaure, ta haƙura ta tashi ta ɗauka da kanta. Na gwada buga tabarma da hannu yadda kike yi. Ta dube ni, ta kau da kai. Hannuna ba naki ba ne.

Shekaranjiya mijinki ya zo, shi da Obinna. Ya rame, rigar tana yawo a jikinsa. Kin san abin da ya kawo? Goro. Namu, mai baki biyu, a ƙullin leda, wai an ce masa haka ake neman alfarma a wurin Hausawa. Ban san wurin wa ya saya ba, duk ya bushe, an cuce shi, amma na karɓa. Ya ce makaranta ta mayar da ranar al'adun bana ta Ibo saboda ke, a yi miki sallama kafin mota ta ɗauke ki. Ya ce a wurinku babbar 'ya mace ce ke shiga gaba riƙe da hoton uwarta, ita ce ke yi wa jama'a godiya. Ya ce, "Maman Balki, ba mu da Ada sai taku. Marigayiyar ma ta sani, ta ajiye mata zanin da duwatsun tun na wancan bikin." Baban Balki ya ce in tafiya ce da godiya a filin makaranta, ba rawa, kai a rufe, shi ba shi da ta cewa, amma maganar tana hannun uwarta. Wannan karon kam an tambaye ni. Na ce su ba ni zuwa yau da la'asar.

Kin san me ake nema a wurina? A ce in zauna a kujerar roba, karo na biyu, 'yata ta wuce a gaban duk Kontagora a matsayin marainiyar wata. Kuma wannan karon ba ki nan balle ki ɗaga hannuna ki ce ga mai ita. Inna Talatu ta ce, "Ni dai ba zan yarda ba, ana yi wa mai rai haka? Kamar fata ake yi miki." Yayana ya ce ki bar yarinya ta yi, me zai rage ki. Kowa da nasa. Ba wadda 'yarta ta taɓa cewa uwarta ta mutu alhali ita tana tsaye.

Jiya bayan azahar na shiga ɗakin na same ta a kwance tana kallon bango. Na zauna. Na ce, "Balki, in tambaye ki. Da ni ce, haka za ki yi?" Na san ba tambayar da ake yi wa yaro ba ce, amma ta fito. Ta juyo ta dube ni kamar na mare ta. Bakinta yana rawa, maganar ta ƙi fita. Sai ta jawo jiki ta ɗora kanta a cinyata ta ƙanƙame ni, har yatsunta suna shiga naman bayana. Rabon da ta yi haka tun tana 'yar firamare. Ta yi ta kuka, zanina ya jiƙe. Kukanki take yi, na sani. Amma a cinyata take yin sa. Na ji maganar nan taki ta zo mini har baki, wa ya mutu, na haɗiye ta.

Da safen nan na shiga kasuwa. Na wuce rumfar yayana, na wuce duk 'yan goro, na je layin matan Ibo masu kayan miya. Na ce wa wata ina son hannun ruwa, irin na addu'arku. Ta san ni. Ta ce, "Mai goro ce ke sayen goro?" Na ce ki ba ni dai. Na tsaya na zaɓa da kaina, ina juya su ina duba tsagar, na ɗauki waɗanda nake ganin za su fito huɗu. Ko a nan ma ba zan bari a ce Hajara ba ta iya zaɓe ba. Ga su nan a faranti a gabana, na wanke na goge. Har yanzu ban ga kyansu ba.

Ba don ke na yi ba, kada ki ji daɗi. Muryar 'yata nake so ta dawo, kuma na san inda aka ajiye ta. In sai ta tsaya a filin nan ta ɗaga kai ta yi miki godiya da yarenki sannan za ta iya ce mini Mama ba tare da wuyanta ya ɗaure ba, to ta je ta yi. Amma da sharaɗi, Hedimasta ka karanta da kyau. Ni zan ɗaura mata zanin, ba wata matar Ibo ba. Na gwada a jikin turmi ɗazu, na saman yana zamewa, amma ko a karkace ne haka za ta fita. In za a kira ta a lasifika a fara da Balkisu 'yar Hajara, sannan a ce Adar Madam. Kuma in an tashi, gida za ta dawo ta ci tuwo da miyar kuka.

Ni ba malama ba ce, ban san yadda ake yi muku addu'a ba. Allahn da Ya yi ni Ya yi ki, Shi na bar wa ke, Ya fi ni sanin abin da kika yi. Ya dubi yaran da kika ciyar ba wanda ya sani, Ya dubi bakin da kika buɗe, Ya yi miki sassauci. Allah Ya ba Baban Obinna haƙuri, Ya sa ya riƙa cin abinci. Obinna da ƙannensa Allah Ya raya su, Ya haɗa kansu, Ya ba su mata masu irin hannunki. Motar da za ta kai ki gida Allah Ya sauke ta lafiya, Ya dawo da masu rakiya lafiya. Yaran makaranta Allah Ya ba su wata mai haƙurin buga tebur. Mu da muka rage Allah Ya sa mu cika da kyau. Ni kuma Ya cire mini abin nan da ke tsaye a ƙirjina, don har yanzu yana nan, ba zan ce ya tafi ba.

Balki ba ta san na yarda ba tukuna. Ba wanda ya gaya mata, ko babanta na hana. Komai nata ke kike riga ni ji, ke kike riga ni faɗa. Wannan ɗaya ni zan riga ki.

Ga shi nan, ana ƙwanƙwasa ƙofa. Naku ne, namu sallama suke yi. Baban Balki, ɗauki farantin, kai za ka miƙa, kada ka fasa sai Baban Obinna ya gani. A'a tsaya, kada ka buɗe tukuna, bari in shiga wurin yarinyar nan in gaya mata…